Murfin Firiza

Shekara talatin ina sayar da ƙanƙara
a bayan gadar Kwangila,
na san abin da ba a koyarwa a Samaru:
ba rana kaɗai ke cin ƙanƙara ba,
har da masu leƙe.

Mutum zai zo ya ɗaga murfi,
ya ce, "Bari in gani."
Bai saya ba. Bai sata ba.
Amma da yamma in ka ɗaga ƙullin
sai ka ji ya rame
kamar wanda ya taso daga jinya.

Ga shi 'yata Rumasa'u,
wadda ta yi rarrafe tsakanin jiƙaƙƙun buhunana,
ta tafi can ƙurewar kudu
inda ƙasar kanta ƙanƙara ce,
inda rana ke ƙin faɗuwa wata da watanni,
har takan bugo ta ce,
"Baba, an kira Magariba a Tudun Wada?"

Ta ce rami suke haƙawa, kaurin taɓarya,
su zaro sandar ƙanƙara
mai riƙe da iskar da ta kaɗa
tun ba a kwaɓa ƙasar ganuwa ba.
In an jefa gutsure a kofi, aka kasa kunne,
sai a ji kumfa na fashewa, tas, tas,
tsohuwar iska tana neman hanyar gida.

Jiya muryarta ta zo a dagule.
Jirgin ruwa ya tsaya, hawa bakwai,
mutane cikin jajayen riguna
sun sauko ɗaukar hoto.
Akwai wani gansakuka a gindin dutse,
ya fi kakana shekaru,
bai kai tsawon yatsa ba.
Takalmi ɗaya ya bi ta kansa.
Tsuntsayen nan masu tafiyar dattawa
suka tashi daga kan ƙwai,
sanyi kuwa ba ya jiran uwa ta dawo.

Na ce, "To a hana su mana."

Ta yi shiru, katin waya na ƙonewa.
Can ta ce, "Baba, jirginsu ne ya kawo ni,
ni da akwatunana tara, ba su karɓi sisi ba.
Wata tsohuwa a cikinsu ta zauna ta yi ta kuka,
ta ce da ba ta gani ba, da ba ta yarda ba.
Mu ɗin ma, janaretonmu ba da addu'a yake tashi ba.
Ramin da na haƙa, ko na ilimi ne, rami ne."

Ban ce komai ba.
Na tuna ranar da muka hau Kufena da sallah,
ni da Iliya ɗan makwabtanmu,
na rubuta sunana da farin fenti a jikin dutse
don kawai dutsen ya burge ni.
Har yau yana nan: TANIMU.
Ƙauna ce ta riƙe burushin.

Ta ce yanzu sun ja igiya, sun kafa tutoci,
ɗari su sauka, sauran su jira,
kowa ya wanke takalmi kafin ya taka.
Wasu na gunaguni, sun biya kuɗi mai yawa.
Su ma masu binciken an rage musu ramuka,
su ma suna gunaguni.
Na ce, ai in kowa ya ɗan ji zafi
to rabon ya kusa gaskiya.

Yau tun hantsi aka ɗauke wuta.
Na lulluɓe firiza da bargo biyu,
ni kaina na hana kaina ƙirga.
Sai ga wani yaro da kayan makaranta,
ba ko naira a hannunsa,
ya ce bai taɓa ganin cikin ba.

Na dube shi, na dubi rana.

Na ce, "Matso. Hannu a baya.
Zan ƙirga uku."
Hucin sanyi ya bugi fuskarsa,
ya buɗe baki bai ce komai ba.

Ɗaya.
Biyu.

Na ɗan ja kafin in ce uku.